An Bar Jaki Ana Dukan Taiki: Fatalwar Mai Ciki a Finafinan Tailan

Duk mai bibiyar finafinan ban tsoro na ƙasar Tailan a waya ya san wannan matar, ko da bai riƙe sunanta ba. Tana tsaye a bakin ruwa da almuru, jariri a hannu, tana jan sunan mijinta da wata irin murya mai sa tsigar jiki tashi. Sunanta Nak. Mutanen ƙasar suna ce mata Mae Nak, wato Uwa Nak. A kan gwiwa ta mutu, ita da abin da ke cikinta, amma ta ƙi tafiya. An yi finafinai da wasannin talabijin da na dandamali rututu a kanta, kuma kusan dukkansu talla ɗaya ake yi musu: ku zo ku ga soyayyar da kabari ya kasa rabawa.

Ni dai wannan talla ba ta shiga kaina ba. Abin da nake gani a labarin Nak shi ne mace da aka bari ta mutu, aka mayar da gawarta dodo, daga baya aka mayar da dodon haja. Silimar Tailan ta ƙware wajen sa mu ji tsoron gawar mai ciki ko mu yi mata kukan tausayi, amma da wuya ta tsaya ta tambayi abin da ya kashe ta da wanda ya kamata ya hana. Wanda bai ga finafinan ba ya yi mini haƙuri, zan faɗi ƙarshen wasu, domin a ƙarshen ne ake binne zaluncin.

Labarin kamar yadda ake ba da shi

A tsakiyar ƙarni na 19 ake ɗora labarin, lokacin ana kiran ƙasar Siyam. Phra Khanong, wadda yau unguwa ce da birnin Bankok ya haɗiye, a lokacin ƙauye ne na manoma a bakin mashigin ruwa, kwalekwale ne abin hawansu. Nak tana da ciki aka ɗauki mijinta Mak aikin soja na dole. Ya samu rauni a yaƙi, ya daɗe yana jinya. Naƙuda ta zo mata da gardama, ta rasu, ɗan ma bai rayu ba. Maƙwabta suka binne ta. Da Mak ya dawo sai ya tarar da matarsa da ɗansa a gida suna jiransa. Duk wanda ya yi yunƙurin gaya masa gaskiya, sai a wayi gari ya mutu.

Ranar da asiri ya tonu, Nak tana dakan yaji a saman gidansu na katako mai dogayen dirkoki, lemon tsami ya suɓuce mata ya faɗa ƙasa. Ta miƙa hannu, hannun ya yi ta tsawo har ya ɗauko shi. Mak ya gani, ya ranta a na kare, ya fake a gidan bauta na Wat Mahabut. Daga nan Nak ta hana ƙauyen barci. A wata ruwayar boka ne ya cusa ta a tukunyar ƙasa ya jefa a ruwa. A wata kuma babban malamin addinin Buda, Somdet To, wanda ya rayu daga 1788 zuwa 1872, shi ya lallashe ta, aka yanko ƙashin goshinta, ya maƙala a ɗamararsa.

To, mai karatu, mu zauna mu yi lissafi. Wa ya raba mai tsohon ciki da mijinta? Hukuma. Me ya kashe ta? Naƙudar da babu wanda ya san yadda zai yi da ita a ƙauyen. Wa aka hukunta a ƙarshe? Ita. Ita aka kora, ita aka tona wa kabari, ita aka fasa wa goshi. Sarkin da ya yi yaƙin ba a ko ambatarsa da laifi. Mak ya samu natsuwa. Ƙauye ya koma barcinsa. Ita kuwa ta ƙare a matsayin abin ado a ƙugun wani namiji, ana kiran hakan rahama.

Ko asalin labarin ma haka yake nunawa. Masanin tarihin Tailan Anek Nawikamul ya tono wani rubutu da ɗan jarida K.S.R. Kulap ya buga a 1899. Rubutun ya ce an yi wata mata ta gaske mai suna Nak a Phra Khanong, ta rasu da ciki, 'ya'yanta kuma suka ji tsoron ubansu zai ƙara aure a raba gado da wata, sai suka riƙa jifan kwalekwalen da ke wucewa da dare don a ce fatalwar uwarsu ce. An san Kulap da ƙara wa labari gishiri, saboda haka ba za a rantse a kan maganarsa ba. Amma abin lura ne cewa tsohuwar ruwayar da aka samu a rubuce rikicin gado ce. Tun ranar farko rayayyu ne ke cin abinci da sunan matacciya.

Mai kaza a aljihu

Tsoron Nak yana da tushe a al'adar ƙasar. Mutanen Tailan suna kiran fatalwa da iskoki *phi*, kuma sun kasa su kashi kashi. Wanda ya yi mutuwar fuju'a, ta hanyar kisa ko haɗari, *phi tai hong* ne. Mafi hatsari a cikin wannan jinsi ita ce *phi tai thang klom*, macen da ta mutu da ciki, domin rai biyu ne suka fita lokaci ɗaya, fushin ma ninki biyu ne. A ƙasar da aka saba ƙona gawa, irin wannan gawar a da binne ta ake yi da gaggawa, a wasu wuraren har a raba ta da ɗan tayin kafin a rufe.

Me ya sa al'umma za ta fi tsoron wannan gawar a kan ta ɗan fashi ko ta azzalumin basarake? Bahaushe ya ce mai kaza a aljihu ba ya jimirin as. Mace ta shiga naƙuda da ƙafafunta, lafiyarta lau, kowa yana jiran guɗa, sai aka fito da gawa. Kowa a gidan ya san akwai abin da bai yi ba. Wannan nauyin zuciya shi ne ya tashi da dare ya zama fatalwa. Maimakon a ce mun gaza, sai aka ce ta zama muguwa.

Ba a tsaya a tsoro ba, har aka shiga cin moriyar gawar. Akwai wani man tsafi da ake kira *nam man phrai*, wanda ake cewa boka yana samu ta hanyar kanga kyandir a haɓar macen da ta mutu da ciki, ya tari abin da ya ɗigo. Amfaninsa wai mallake zuciyar mace. Ka ji fa: an ƙona haɓar wata da haihuwa ta kashe, don a yaudari wata da take raye.

Akwai kuma *kuman thong*, wato yaron zinare. Asalinsa ɗan tayi ne da ake gasawa a shafe shi da zinare, a ajiye a gida don ya jawo arziki. Fitacciyar ruwayarsa tana cikin tsohon waƙen almara na ƙasar, *Khun Chang Khun Phaen*. A can jarumin labarin, Khun Phaen, ya kashe matarsa Bua Khli bayan ya gano za ta sa masa guba bisa umarnin ubanta, ya farka cikinta, ya ciro ɗan, ya gasa shi ya zama hadiminsa na ɓoye. Shin an mayar da Khun Phaen dodon da ake tsorata yara da shi? Ina! Har yau maza a Tailan suna rataya layu masu sunansa don samun farin jinin mata. Wanda ya farka ciki jarumi ne, wadda ta mutu da ciki kuma dodanniya.

Yawancin *kuman thong* na yau 'yan tsana ne na katako ko roba. Amma a watan Mayu na 2012 'yan sandan Bankok sun kama wani ɗan Birtaniya, ɗan asalin Taiwan, da 'yan tayi shida gasassu, an lulluɓe su da zinare, yana shirin fita da su ya sayar. Abin da muke kallo a waya muna cewa fim ne, akwai inda ya zama kasuwa.

Sai *krasue*, kan mace da ke yawo da dare, hanji da kayan ciki suna reto a ƙarƙashinsa. An ce tana bin ƙarnin jinin haihuwa, tana cin mabiyiya. Shi ya sa a da ake zagaye gidan mai jego da ƙaya, a binne mabiyiya da zurfi. Da rana kuwa *krasue* mace ce kamar kowa a cikin gari. Wato idan jariri ko uwarsa suka mutu, akwai wata mace da za a nuna da yatsa. Duk wanda ya san yadda ake liƙa wa tsohuwa maita a garuruwanmu bayan mutuwar yaro, ba ya buƙatar a fassara masa wannan.

Abin da silima ta yi da wannan gado

Fim ɗin da ya dawo da Nak idon duniya shi ne *Nang Nak* na 1999, wanda Nonzee Nimibutr ya ba da umarni, Wisit Sasanatieng ya rubuta, Intira Jaroenpura ta fito a matsayin Nak. Gaskiya fim ne mai kyau. An nuna Nak da gajeren aski da baƙaƙen haƙora irin na matan Siyam na wancan zamani, an nuna gonakin shinkafa da ruwan sama har ka ji kamar kana wurin. Ya samu kusan baht miliyan 150, abin da wani fim na ƙasar bai taɓa samu ba kafin nan. Ya fito shekara biyu bayan durƙushewar tattalin arzikin 1997, lokacin da mutane ke kewar tsohuwar rayuwar ƙauye, ya kuwa ba su abin da suke kewa.

Kyawun nan ne ya sa ya fi hatsari. Naƙudar da ta kashe Nak 'yan mintoci aka ba ta, kamar tsawa ce ta faɗo daga sama. Sauran fim ɗin darasi ne da ake karanta mata: ta saki duniya, ta daina maƙale wa abin da ya wuce, kamar yadda addinin Buda ke koyarwa. Malami ya zo cikin natsuwa, ta yi kuka, ta yi sallama da miji, aka cire ƙashin goshi. Mai kallo ya share hawaye ya tashi da cewa an yi adalci. Yarinyar da aka ƙwace wa miji, aka ƙwace wa ɗa, aka ƙwace wa rai, ita ce aka samu da laifin son abin duniya.

A 2013 Banjong Pisanthanakun ya fito da *Pee Mak*, da Mario Maurer da Davika Hoorne, ya mayar da labarin barkwanci. Ya samu sama da baht biliyan 1, ya zama fim mafi kawo kuɗi a tarihin ƙasar. A nan an sauya ƙarshe: ashe Mak ya daɗe da sanin matarsa fatalwa ce, ya zaɓi zama da ita. Masu yabo suka ce an 'yantar da Nak. Wace irin 'yanci? A hotunan ƙarshe ana nuna ta tana aikin gida da dogon hannunta, ana dariya. Matar kirki kenan a idon kasuwa: ta mutu wurin haifa maka ɗa, kuma ba ta fasa yi maka aikace-aikace ba. Mutuwar tata ta tashi daga masifa ta koma dabarar ba da dariya.

*Buppah Rahtree* na Yuthlert Sippapak, 2003, ya ɗan matso kusa da gaskiya. Buppah ɗaliba ce mara kowa. Wani ɗan masu kuɗi ya neme ta saboda caca da ya yi da abokansa a kan kwalbar giya, ta samu ciki, aka zubar, ya tafi Ingila, ta mutu ita kaɗai a ɗakin haya mai lamba 609. A nan an nuna mai laifi da fuskarsa. Amma kaso mai yawa na fim ɗin ya tafi ne a kan mai gidan haya da ke kawo bokaye da malamai ɗaya bayan ɗaya suna fitowa da gudu, 'yan kallo suna ƙyaƙyatawa. Matsalar da labarin ya fi damuwa da ita ita ce 'yan haya suna tashi.

Mafi muni a wurina ya biyo bayan wani abu na gaske. A watan Nuwamba na 2010, wari ya kai 'yan sanda ɗakin ajiye gawa na gidan bautar Wat Phai Ngoen a Bankok. Suka tarar da 'yan tayi 2,002 a cikin ledoji, waɗanda aka kwaso daga wuraren zubar da ciki na ɓoye. Ƙasar ta girgiza. Mutane suka riƙa kai madara da ayaba wurin don lallashin ruhin jariran. Cikin 'yan watanni, a 2011, Poj Arnon ya fitar da fim a kan lamarin, *Sop Dek 2002*, inda jariran suka tashi ɗaukar fansa. Ko wane ra'ayi mutum yake da shi a kan zubar da ciki, akwai lissafin da ba ya gardama: 'yan tayi 2,002 suna da ubanni. Dokar ƙasar a lokacin, sashe na 301 na kundin laifuka, macen da ta zubar take ɗaurewa, wanda ya yi cikin ya gudu kuwa babu sunansa a sashen. An kama masu kula da gawa da matar da ke harkar. Ubannin fa? Sai a 2020 Kotun Tsarin Mulki ta ce sashen ya saɓa wa kundin tsarin mulki, majalisa ta gyara dokar a 2021. Kotu ta ɗauki shekara goma, silima kuwa watanni kawai ta ɗauka ta mayar da ledojin tikiti.

Kada a ce ba za a iya yin wani abu daban ba. Banjong ɗin nan da ya yi *Pee Mak*, shi da Parkpoom Wongpoom suka yi *Shutter* a 2004. Fatalwar cikinsa, Natre, ba mai ciki ba ce, amma darasin yana nan. Wani mai ɗaukar hoto, Tun, yana fama da ciwon wuya, ya hau sikelin asibiti aka ga nauyinsa ya kai kilo 120. A ƙarshe aka gane abokansa sun yi wa tsohuwar budurwarsa fyaɗe, shi kuma ya ɗauki hoto maimakon ya cece ta, ta kashe kanta. Tun daga nan tana zaune a kan kafaɗunsa. Babu malamin da ya zo ya sauke ta. Wannan fim ya ɗora fatalwa a wuyan da ya dace. Idan an iya yi wa Natre haka, me ya hana a yi wa Nak?

Masu cewa

Na san za a ce fim ne kawai, nishaɗi ne, kada a cika zurfafawa. Amma labarin da aka maimaita wa al'umma fiye da shekara ɗari ya wuce nishaɗi, ya zama makaranta. Yana koya wa yaro wa zai tsorata da wa zai yafe wa. Abin da aka koya wa mutum yana dariya ko yana makyarkyata ya fi zama a ƙwaƙwalwa a kan wanda aka koya masa a aji.

Za a kuma ce ai waɗannan finafinai ƙarfi suke ba mace, ga ta tana karya wuyan maza, gari yana gudu. Ƙarfin da ba a ba ki sai kin mutu, kuma a ƙwace shi kafin a kunna fitilun silima, wane irin ƙarfi ne? Nak mai rai ba ta iya hana a tafi da mijinta ba, ba ta iya samun wanda zai ceci ranta ba. Da a ce rabin kulawar da aka ba fatalwarta aka ba cikinta, da babu labarin.

Wasu kuma za su nuna ɗakin da aka gina mata a Wat Mahabut, inda mutane ke kai mata riguna da kayan kwalliya, suna kai wa jaririn kayan wasa, har da talabijin a kunne. Su ce ga girmamawa. Je ka duba abin da ake roƙo. Da yawa lambar caca suke nema. Har yanzu aiki ake sa ta. Sai dai akwai roƙo ɗaya da ya burge ni. Kowane watan Afrilu samarin Tailan 'yan shekara 21 suna jan ƙuri'ar shiga soja: jan kati ka tafi har shekara biyu, baƙin kati ka koma gida. Samari da iyalansu suna zuwa wurin Nak su roƙi baƙin kati, domin sun san ta tsani abin da ya raba ta da mijinta. Talakan da ke durƙushe a gaban gunkin ya gane wanda ya cuce ta fiye da yadda daraktoci suka yarda su nuna.

Abin da ya kori fatalwar da gaske

A yau da wuya macen Tailan ta mutu irin mutuwar Nak, kuma ba ƙashin goshi ne ya jawo hakan ba. A wajajen 1960 sama da mata 400 ke mutuwa a kowace haihuwa 100,000 a ƙasar. Zuwa tsakiyar shekarun 1980 adadin ya sauko kusan 50. Abin da aka yi a bayyane yake: horar da ungozomomi na zamani da tura su ƙauyuka, gina asibitoci a gundumomi, tilasta wa sababbin likitoci aikin karkara na wasu shekaru, da ɗaukar 'yan sa kai na kiwon lafiya a ƙauyuka. A 2001 aka fara tsarin nan na baht 30, wanda ya ba talaka damar ganin likita da kuɗi kaɗan, aka kafa shi da doka a 2002. A ƙiyasin Hukumar Lafiya ta Duniya na shekarar 2020, adadin bai kai 40 ba.

Ungozomar da ta hau babur cikin ruwan sama ta tsayar da zubar jini ita ce ta yi abin da boka da malami suka kasa. Ba a yi mata fim na baht biliyan ɗaya ba. Mace da ta haihu lafiya ta koma gida ba ta sayar da tikiti.

Laifi tudu ne

Kafin mu yi wa mutanen Tailan dariyar camfi, mu dubi tudun da muke tsaye a kai. Su suna da *yu fai*, inda mai jego ke kwana kusa da wuta na kwanaki bayan haihuwa. Mu muna da wankan jego da tafasasshen ruwa, da gadon ƙasa da ake hura wa wuta, da kunun kanwa. Tun shekarun 1970 likitoci a Zariya, ciki har da Eldryd Parry, suka danganta yawan ciwon zuciyar masu jego a yankin da zafin da kanwar. Mu da su duka mun san lokacin haihuwa lokacin hatsari ne, mu da su duka mun zuba ƙoƙari a inda bai kamata ba. Bambancin shi ne su sun gyara.

A wancan ƙiyasi na 2020, Nijeriya tana da mace 1,047 a kowace haihuwa 100,000. Kimanin mata 82,000 kenan a shekara ɗaya, fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na duk matan da haihuwa ta kashe a duniya, kuma kowa ya san Arewa ce ke ɗauke da kaso mafi nauyi. Zubar jini, jijjiga, doguwar naƙuda, zazzaɓin bayan haihuwa. Kusan dukkansu abubuwa ne da ake iya tarewa idan an isa asibiti da wuri kuma an tarar da ma'aikaci da jini da wuta.

Musulmi bai yarda matacce yana dawowa ba, saboda haka ba mu da Nak. Muna da abin da ya fi ta daraja: ya tabbata a hadisi cewa macen da ta rasu wurin haihuwa tana cikin shahidai. Sai dai mu kula da yadda muke amfani da wannan bushara. Shahada matsayi ne da Allah ya ba ta ita. Ba takardar wanke laifi ba ce ga mijin da ya hana zuwa awon ciki, ko dangin da suka tsaya jiran izini tana zubar da jini, ko jami'in da ya cinye kuɗin asibiti, ko ɗan siyasar da ya bar hanya ta lalace. Wanda aka kashe bisa zalunci ma ana yi masa fatan shahada, amma ba a sallami wanda ya kashe shi. Su can sun mayar da matacciya dodo don kada a yi tambaya. Mu nan mukan ce kwana ya ƙare, a yi addu'ar uku da ta bakwai, a fara maganar wadda za ta riƙe yaran. Hanya biyu, masauki ɗaya: an bar jaki ana dukan taiki.

Ban ce a daina kallon finafinan Tailan ba. A kalla, akwai gwaninta a cikinsu da masu shirya finafinanmu za su koya. Amma idan mai jaririn nan ta bayyana a bakin ruwa, kafin ka rufe ido ka tambayi kanka wa ya bar ta ita kaɗai a daren naƙuda, da kuma dalilin da ya sa fim ɗin ba ya son ka tambaya. Marubutanmu kuwa da suka fara sha'awar labaran ban tsoro, ga shawara kyauta: ba sai kun aro doguwar suma da dogon hannu daga Bankok ba. Ku rubuta daren da aka ɗora mai naƙuda a amalanke ko bayan babur, aka isa asibiti aka tarar da kwaɗo a ƙofa. Ku faɗi wanda ke riƙe da makullin. Idan kuma dole sai an sa fatalwa, ku ɗora ta a wuyansa, kuma kada ku aiko da wanda zai sauke ta.